Yadda Ake Zuwa Tsinkar Sitiroberi a Japan, Daga Kama Gurbi Har Fitowa Daga Rumfa

Daga watan Janairu zuwa Mayu, akwai gonaki a Japan da za ka biya kuɗi a bakin ƙofa, a miƙo maka ɗan farantin roba, a duba agogo a ce kana da minti 30. Sai ka shiga wata doguwar rumfar leda, ka riƙa tsinkar sitiroberi da hannunka kana ci har lokacinka ya cika. Japanawa na kiran wannan fita ichigo-gari, kuma iyalai, ɗalibai da ma'aikatan ofis duk suna yin ta, musamman idan sanyi ya fara janye jiki a watan Maris. Ɗalibi ko ɗan kasuwa ko baƙon da ya sami kansa a ƙasar a wannan lokaci zai iya zuwa ba tare da ya iya yaren ba. Abin da ke raba wanda ya more kuɗinsa da wanda ya cika cikinsa da ɗanye shi ne sanin ranar zuwa da sanin wanda ake tsinka.

Mataki na farko: zaɓi wata, sannan ka zaɓi rana

Sitiroberin da aka shuka a fili a Japan sai wajen Mayu da Yuni yake nuna. Rumfar leda ce ta jawo kakarsa zuwa tsakiyar hunturu, kuma babban dalili shi ne kasuwar Disamba, lokacin da gidaje ke sayen kek ɗin Kirsimeti mai farin kirim da jajayen sitiroberi a sama. Manoma kan yi dashe a watan Satumba domin su cimma wannan kasuwa, kuma tsiron yakan ci gaba da fure yana 'ya'ya har zuwa Mayu.

Saboda haka zaƙi da araha ba sa zuwa a wata ɗaya. A Janairu da Fabrairu sanyi kan sa ɗan ya daɗe a jikin uwa kafin ya nuna, sai sukari ya taru a cikinsa, naman ya yi tauri mai daɗi. A lokacin ne kuma kuɗin shiga ya fi tsada, yawanci tsakanin yen 2,000 zuwa 3,000 ga babba, wasu gonakin kusa da manyan birane ma sun haura haka. Idan aka shiga Afrilu rana ta yi ƙarfi, 'ya'yan na nuna da sauri kuma da yawa, amma sun fi ruwa da laushi, farashi kuma sai ya riƙa sauka har zuwa ƙarshen kaka. A ganina farkon Maris ya fi dacewa da baƙo, domin zaƙin hunturu bai gama tafiya ba, kuma ba za ka daskare a tashar jirgi kana jiran bas ba.

Ka kauce wa lokuta biyu in da hali: hutun makarantu na ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, da jerin ranakun hutun ƙasa na ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu. Ranar mako ma tana da tasiri. Jama'ar Asabar da Lahadi kan share jajayen, shi ya sa gonaki da yawa ke rufewa a farkon mako domin saura su nuna. Alhamis ko Juma'a da safe, ko kuma rukunin farko na safiyar Asabar, su ne lokutan da za ka tarar da rumfa cike. Safiya na da wata riba kuma: 'ya'yan na nan da sanyin dare a jikinsu. Da rana ta ɗaga sukan ɗumama, kuma sitiroberi mai ɗumi saurin gundura gare shi.

Mai azumi ya lura. A 'yan shekarun nan Ramadan na faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, tsakiyar kakar ke nan, kuma mafi yawan gonakin suna aiki ne daga wajen ƙarfe 9 ko 10 na safe zuwa 3 ko 4 na yamma. Ko dai ka je kafin azumi ko bayan Sallah, ko kuma ka nemi gonar da ke da tsarin tsinka a auna, ka tafi da shi masauki ka yi buɗa-baki.

Mataki na biyu: zaɓi yanki

Kusan kowace jiha tana da nata iri da take alfahari da shi, kuma ana ƙiyasta irin sitiroberin Japan da kusan 300. Idan kana Tokyo, wurare uku ne suka fi sauƙi.

Tochigi, arewa da Tokyo, ita ce ke kan gaba wajen noman sitiroberi a ƙasar tun 1968 ba tare da wata jiha ta karɓe matsayin ba. Jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, zai kai ka Oyama ko Utsunomiya cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma akwai manyan gonaki a kewayen Oyama, Moka da Mashiko. Tsohon irinsu shi ne Tochiotome mai ɗan tsami-tsami, sai Skyberry mai girma, sai Tochiaika wanda ya mamaye gonakinsu a baya-bayan nan, mai zaƙi da ƙarancin tsami. Chiba, gabas da Tokyo, tana da gonaki jere a kan hanya ɗaya kusa da tashar Naruto a birnin Sammu, inda sau da yawa za ka sami iri huɗu ko biyar a gona guda.

Na ukun, wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, shi ne Kunozan a Shizuoka. A can ana dasa sitiroberi ne a ramukan katangar dutse ko ta siminti da aka jera hawa-hawa a gangaren tsauni mai fuskantar kudu, yana kallon tekun Suruga. Katangar kan sha zafin rana ta riƙe shi, ta ɗumama saiwa da dare. Dabarar ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19, kafin zuwan leda. Irin da suka fi nomawa shi ne Akihime, dogo mai laushi wanda kusan ba shi da tsami. A saman tsaunin akwai wurin ibadar Kunozan Toshogu inda aka fara binne Tokugawa Ieyasu, shugaban mayaƙan da ya mulki Japan a farkon ƙarni na 17, kuma matakalar da ke hawa can daga wajen gonakin tana da taki 1,159. Wanda ke son hawa ya hau kafin ya ci, ba bayan ya ci ba.

Wanda ke wajen Osaka ko Kyoto ya nufi ƙauyen Asuka a Nara, gidan irin Asuka Ruby. Wanda ke Kyushu kuwa ya nemi Amaou a Fukuoka, babba mai jan gaske, wanda har zuwa Janairun 2025 a jihar kaɗai aka yarda a noma shi don sayarwa.

Mataki na uku: kama gurbi

Kada ka tashi ka tafi haka kawai. Gonaki da yawa ba sa karɓar kowa sai wanda ya yi rajista, waɗanda ke karɓar na farkon zuwa kuma sukan rufe ƙofa da zarar jajayen ranar sun ƙare, ko da ƙarfe 11 ne na safe. Ana kama gurbi a shafin gonar, ko ta manhajojin yawon buɗe ido irin su Jalan da Asoview. Yawanci da Japananci suke, amma fassarar waya ta wadatar.

Kafin ka tabbatar, duba abubuwa huɗu. Minti nawa ne, domin akwai na 30, na 40, har da na awa ɗaya. Iri nawa za a bari ka ci. Shin madarar da ake tsoma sitiroberin a ciki na cikin kuɗin. Sannan yaya aka yi shukar: a ƙasa ko a kan teburi. Ta ƙasa kunyoyi ne da aka lulluɓe da baƙar leda, dole sai ka tsuguna ko ka duƙa. Ta teburi kuwa dogayen kwatami ne da aka ɗaga daidai ƙugu, 'ya'yan na lilo a gefe, kana tsaye kana tsinka. In da tsoho ko mai juna biyu ko keken jariri a tafiyar, ta teburi za ka nema. Akwai masu rantsuwa cewa na ƙasa ya fi ɗanɗano, amma bambancin iri da na wata ya fi wannan fitowa a baki.

In tafiyar ta fasu, ka soke rajistar da wuri. Manomi ya ƙirga bakuna ne ya ware musu kunya.

Mataki na huɗu: shirin jiki da jaka

Ko da waje na kusa da daskarewa, cikin rumfa na iya haura digiri 20, don haka ka sa kayan da za ka iya tuɓe na sama. Ka bar fararen kaya a gida, ruwan sitiroberi ba ya fita da sauƙi. Hanyoyin tsakanin shuka matsattsu ne, babbar riga ko dogon hijabi mai baza zai riƙa karkaɗe fure yana zubar da ɗanyun 'ya'ya, saboda haka a sa mai ɗan kama jiki ko a tattare shi. Takalmi ya zama mara tsini. Wasu gonakin ma za su ba ka silifa a bakin ƙofa.

Ranar ka haƙura da turare. A cikin kowace rumfa akwai akwatin ƙudan zuma da manomi ya ajiye domin su yi barbarar furanni, in babu su 'ya'yan kan fito a karkace. Ba su damu da mutane ba, amma ƙamshi mai ƙarfi na jawo su. In ɗaya ya zagayo ka, kada ka kai masa duka, ka matsa gaba kawai, kuma ka hana yara zuwa kusa da akwatin.

Ka riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan gonakin karkara ba duka ke karɓar kati ba. Ka ɗauki ɗan tsumma mai laima na goge hannu. Kada ka je da ƙoshi, kada kuma ka je da yunwa mai tsanani, cin 'ya'yan itace masu ruwa da tsami a cikin da babu komai na iya murɗa shi. Ka zaga bayi kafin a fara ƙirga maka lokaci, domin kusan kashi 90 cikin 100 na sitiroberi ruwa ne, kuma a wurare da yawa in ka fita ba a komawa. Ba kasafai ake samun wurin salla a gona ba, sai ka tsara tafiyar yadda azahar za ta same ka a inda za ka iya yi.

Mataki na biyar: a bakin ƙofa

Ka iso minti 10 kafin lokaci. Ka ce "yoyaku shite imasu", wato na yi rajista, ka faɗi sunanka ko ka nuna wayarka. Za ka biya, a ce ka wanke hannu ko ka shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a nuna maka inda za ka ajiye babbar jaka. Farantin da za a ba ka yana da gida biyu: ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, ɗaya na zuba 'yar hular ganyen da ke kan kowane ɗa. Ma'aikaci zai nuna layukan da aka buɗe muku. Layin da aka gitta wa igiya na mutanen gobe ne, kada ka miƙa hannu can ko da ya fi ja.

Mataki na shida: zaɓe da tsinka

Minti biyun farko kada ka ci komai. Wuce bakin ƙofa inda kowa ke cunkushewa, ka taka har ƙarshen rumfa, domin can ne hannu bai cika kaiwa ba. Ka riƙa leƙa ƙarƙashin ganye da ƙasan reshe, manya-manyan da suka nuna sarai sukan ɓuya a nan. Gefen layin da rana ta fi bugawa ya fi yawan nunannu.

Girma ba shi ne ma'auni ba. Ka dubi wuyan ɗan, daidai ƙarƙashin hular ganye. Sitiroberi daga tsini yake fara ja ya hauro sama, don haka wanda wuyansa ke fari bai gama ba, kuma ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Nunanne shi ne wanda ja ya kai har gindin hula, hular kuma kore ce shar ta murɗe ta kalli sama maimakon ta kwanta a jikinsa. Fatarsa na sheƙi, 'yan ƙwayoyin jikinsa sun nutse saboda naman ya kumbura ya zagaye su. In ka ga wanda wuyansa ya ɗan yi tsawo har fatar wajen ta tsattsage, kada ka ɗauka ya lalace. Wannan ne manoma ke cewa ya fi kowanne zaƙi, kuma ba ka samunsa a kanti domin ba ya jure tafiya. Na kanti ana tsinke shi ne da ɗan saura don ya kai kasuwa lafiya. Irin wannan nunannen shi ne ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa.

Da ido ake zaɓe, ba da hannu ba. Fatar ba ta da ƙarfi, inda yatsa ya danna nan zai fara ruɓewa. Abin da ka taɓa ka tsinka, abin da ka tsinka ka cinye.

Ga yadda ake tsinkar. Ka sa siririn karan tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ɗan ya kwanta a tafin yatsunka ba tare da ka matse shi ba. Sai ka juya wuyan hannunka yadda tsinin zai kalli sama, ka ɗan karya. Za ka ji ƙas, ya rabu. Kada ka ja shi ƙasa ko ka fizgo, domin reshe ɗaya na ɗauke da nunanne da ɗanye da fure a lokaci guda, in ka yage shi ka ɓata girbin makonni. In gonar ta ba da almakashi, yanka karan kusa da hula kawai. Yaro ƙarami a riƙe masa reshen ya tsinka.

Mataki na bakwai: ci

Ba a wankewa, a nan take ake ci, kuma gonakin da ke karɓar baƙi sun san da haka suke kula da shukarsu. Cire hular ka jefa a gidanta na faranti, ba a ƙasa ba. Sannan ka fara cizo daga wajen wuya, ka ƙare da tsini. Sukarin ya fi taruwa a tsini, in ka fara da shi sauran sai ya zame maka salam.

In akwai iri da yawa, ɗanɗana ɗaya daga kowanne tukuna, sannan ka koma wa wanda ya kwanta maka. Benihoppe ja ne har ciki, zaƙi da tsaminsa duka masu ƙarfi. Kaorino ƙamshi ne abinsa. Akihime yara sun fi so. In ka dace da fari irin su Awayuki, kada launinsa ya ruɗe ka, haka yake ko ya nuna.

Madarar kuwa ka bar ta sai can gaba. In ka tsoma tun daga na farko, harshenka zai saba da zaƙinta, duk wanda ka ci bayan nan zai yi maka tsami, kamar wanda ya sha lemo bayan ya tauna rake. Sai bakinka ya fara gajiya, wajen minti 20, sannan ka tsoma don ka canja ɗanɗano. Wasu gonakin na ƙara madara kyauta, wasu na sayarwa, wasu kuma ba sa bayarwa sam saboda sun yarda da zaƙin kayansu. Tsoma sitiroberi a madara al'ada ce da ta rage daga zamanin da irin da ake nomawa ke da tsami sosai. A lokacin har cokali na musamman ake ƙerawa a garin Tsubame, mai shimfiɗaɗɗen gindi da ƙuraje, don a murƙushe 'ya'yan a cikin madara da sukari.

Akwai masu shiga da lissafi: fakiti a kanti yen 500 zuwa 800 ne, don haka sai sun ci na fakiti huɗu kafin kuɗinsu ya fito. Ana iya yi, amma mai wannan lissafi yakan koma tsinkar duk abin da hannunsa ya kai. Ashirin da aka zaɓa da kyau sun fi hamsin masu farin wuya.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: abin da ka tsinka a tsarin ci-iya-cikinka ba ya fita daga rumfa. Ba a sa shi a aljihu ko jaka, ko da guda ɗaya ne. Ba mai bin ka a baya yana gadi, tsarin gaba ɗaya a kan amana yake tafiya. Haka nan ba a cizon tsini a yar da saura, ba a tsallaka kunya, ba a tsinkar fure don hoto.

Mataki na takwas: fita da tsaraba

Idan saura minti biyu, daina tsinka ka cinye na hannunka. Kada ka jira a kira ka. Zuba hulunan a kwandon da aka tanada, mayar da faranti, ka ce wa mai gona "gochisosama deshita", godiyar da suke yi bayan cin abinci.

In kana son tafiya da wani, tambayi "mochikaeri dekimasu ka", wato ana iya tafiya da shi? Za a nuna maka fakitin da aka riga aka shirya, ko a ba ka kwali ka tsinka a auna, ana lissafi a kan kowane giram 100. Na tafiya ka zaɓi mai ɗan tauri, ka jera shi hula a ƙasa, kada ka ɗora wani kan wani. A masauki ka sa a firiji ba tare da ka wanke ba. Sai za a ci ake ɗauraye shi, da hularsa a jiki don kada ruwa ya shige, kuma kada ya wuce kwana biyu. In kana da maƙwabci ko abokin aiki Bajapane, fakiti ɗaya tsaraba ce mai daraja a wurinsu.

A shagon gona ko a tasha za ka ga ichigo daifuku, sitiroberi guda da aka naɗe da zaƙaƙƙen jan wake sannan aka rufe da tattausan ƙullin shinkafa mai danƙo. A shekarun 1980 ya ɓullo, kuma a ranar da aka yi shi ake ci. Kayan haɗinsa na asali shinkafa ce da wake da sukari. Kek da kayan kirim su ne ke buƙatar duba takarda, domin ana iya sa giya a ruwan sukarin da ake jiƙa kek da shi, ko gelatin wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Nemi waɗannan rubutun a jerin kayan haɗi: 洋酒 na giya, ゼラチン na gelatin.

Gargaɗi na ƙarshe na mai sha'awar noma ne. Wanda ya san yadda sitiroberi ke yi a Chaha da kewayen Vom a Filato zai iya ganin yaɗon da ke fita daga gindin shuka ya ji kwaɗayin ya ɓalle ɗaya ya kai gida ya gwada. Kada ka fara. Japanawa na jin zafin yadda irinsu, har da Akihime, suka tsallaka Koriya ta Kudu aka haɗa sabbin iri da su, kuma tun Afrilun 2021 dokarsu ta kare irin shuka ta ba mai iri damar hana fitar da shi ƙasar waje. Wanda ya keta haƙƙin mai iri da gangan na iya fuskantar ɗauri har shekara 10 ko tarar da ta kai yen miliyan 10.